Nargis, Uwar Da Muka Sani A Silima

Ni haifaffen Agege ne, kusa da Ikko, inda kakanninmu suka zo fataucin goro suka zauna. Sa'ad da muke yara ba mu da wurin shaƙatawa da ya wuce Pen Cinema. Gidan ya daɗe da daina nuna fim, sai suna ya rage, har gadar saman da aka buɗe a wurin cikin 2021 da sunan nan ake kiranta. A can na fara ganin matar da zan ba ku tarihinta, watau Nargis ta ƙasar Indiya.

Cikin 1974 ne, ina ɗan shekara goma sha biyu. Mahaifinmu ya rasu ya bar bashi, uwarmu tana tuyar ƙosai tana biya kaɗan kaɗan. Ran nan na zari sule biyu daga cinikin da ta aike ni da shi, na bi abokaina kallon Mother India. Fim ɗin ya riga ya tsufa a lokacin, amma duk ran da aka maimaita shi sai gida ya cika maƙil, Hausawa da Yarabawa. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, duk da haka in an ɗauko waƙa sai kowa ya karɓa, wani ma ya riga 'yan wasan faɗin maganarsu. Mu dai a wurinmu matar nan manomiya ce ta gaske. Sai da na girma na san ko wace ce.

An haife ta a Kalkata ran 1 ga Yuni 1929, sunanta na yanka Fatima Rashid. Uwarta Jaddanbai shahararriyar mawaƙiya ce, tana kuma cikin matan farko da suka shirya fim a Indiya. Ubanta Bahindu ne da ya musulunta, aka sa masa suna Abdul Rashid. Tun tana ƙaramar yarinya, cikin 1935, uwar ta sa ta a wani fim nata, aka laƙaba mata Nargis, sunan wani fure ne mai ƙamshi. Tana da shekara goma sha huɗu, cikin 1943, Mehboob Khan ya ba ta babban matsayi a fim ɗinsa Taqdeer.

Daga nan tauraronta ya yi ta hawa. Ta yi finafinai goma sha shida tare da Raj Kapoor, cikinsu akwai Barsaat na 1949, da Awaara na 1951, da Shree 420 na 1955. Awaara ya ƙetare Indiya, har a Rasha da Turkiyya mutane suka yi ta rububinsa. Sai dai ku sani, muryar da muke ji a waƙoƙin ba tata ba ce. Al'adar finafinansu ita ce mawaƙa irin su Lata Mangeshkar su rera, ɗan wasa kuwa ya bi da baki.

Cikin 1957 Mehboob Khan ya fito da Mother India, Naushad ne ya tsara kiɗansa. Nargis ta fito a matsayin Radha, matar wani manomi. Surukarta ta ci bashin rufi 500 don bikin aurensu, mai ba da bashin kuwa ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona kowace shekara. Dutse ya murƙushe hannuwan mijin, kunya ta sa ya bar gida bai sake dawowa ba. Ambaliya ta cinye gona, yunwa ta shigo, mai bashi ya nemi ta sayar masa da mutuncinta ta ƙi. Ta ja garma da wuyanta ta reni 'ya'yanta. Daga ƙarshe ɗanta Birju ya zama ɗan fashi, ya kashe mai bashin, ya sace 'yarsa ran bikinta. Uwar da kanta ta ɗauki bindiga ta harbe shi, don ta riga ta yi alkawari ba za a ci mutuncin 'yar garin ba.

Abin mamaki, shekararta ashirin da takwas kacal sa'ad da ta fito a tsohuwa mai furfura, ga ta kuma 'yar birni. Sunil Dutt da ya fito a matsayin Birju, kwana biyar kawai ta ba shi a haihuwa. Ana cikin ɗaukar fim ɗin wutar da aka kunna ta fi ƙarfin masu ita, ta rutsa da Nargis. Sunil ya kutsa ya fito da ita, shi ma ya ƙone. Ita ta yi jinyarsa, soyayya ta shiga tsakani, suka yi aure ran 11 ga Maris 1958. A shekarar nan aka ba ta kyautar gwanar 'yan wasa mata a bikin finafinai na Karlovy Vary, gwamnatin ƙasarta ta ba ta lambar girma ta Padma Shri, fim ɗin kuma ya shiga takarar Oscar a Amurka.

To, a daidai lokacin da sunanta ya kai ƙololuwa sai ta ja da baya, ta koma renon 'ya'yanta uku, Sanjay da Namrata da Priya. Fim ɗinta na ƙarshe, Raat Aur Din, ya fito cikin 1967, ya kuwa jawo mata kyautar ƙasa ta gwanar 'yan wasa, ita ce macen farko da ta samu. Ita da mijinta suka haɗa ƙungiyar 'yan wasa suna zuwa bakin iyaka suna ɗebe wa sojoji kewa. Sa'an nan ta tsaya wa yaran da ake haifa da shanyewar gaɓoɓi, ta zama uwar ƙungiyar da ke ba su ilmi da kulawa. Cikin 1980 aka naɗa ta 'yar majalisar dattawan Indiya.

A shekarar nan ciwon daji ya kama ta. Aka kai ta asibiti a New York, aka dawo da ita Bombai, ta rasu ran 3 ga Mayu 1981 tana da shekara 51. Bayan 'yan kwanaki aka buɗe Rocky, fim ɗin farko na ɗanta Sanjay, aka bar kujera guda ba kowa a kai saboda ita.

Ni kuwa, daren da na faɗa muku, ban iya bin abokaina waƙa a hanyar gida ba. Duk inda na juya sai in ga matar nan da garma a wuya, in tuna da tawa uwar a bakin kasko tun asuba. Da na isa na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ba ta doke ni ba, ta dai sa na yi mata tallan ƙosai mako guda kafin makaranta, har sule biyu suka koma wurinsu.

Ku 'yan'uwana masu shirin zama malamai, za ku tarar da almajiranku suna kallon finafinan Indiya a waya, an fassara musu da Hausa. Kada ku tsaya ga tsawa kaɗai. Ku tambaye su abin da suka gani, ku kuma ba su labarin mutanen da ke bayan hoton. Ni dai darasin riƙon amana da ya zauna mini, a kujerar sule biyu na koye shi.