Tarihin Ray Palmer, Editan Da Ya Yaɗa Labarin Faifai Mai Tashi

Da wuya a sami mai karatun jarida wanda bai taɓa jin labarin faifai mai tashi ba, watau waɗansu abubuwa masu kama da faifai ko faranti, da mutane su kan ce sun hanga suna gudu a sararin samaniya, har waɗansu su ce jiragen baƙi ne daga wata duniya. Yawancin mutane suna zaton labarin ya fito daga bakin masana taurari ne, ko daga ofisoshin soja. A'a, mutumin da ya fi kowa yi masa hidima tun yana ɗanye wani editan mujallar ƙagaggun labarai ne a ƙasar Amurka, sunansa Raymond Arthur Palmer, a kan ce da shi Ray Palmer.

An haife shi ran 1 ga watan Agusta, 1910, a birnin Milwaukee cikin jihar Wiskonsin. Yana ɗan shekara bakwai babbar mota ta buge shi, ta karya masa ƙashin baya. Likitoci suka yi masa aiki, aikin bai yi kyau ba, ya tashi da doro, tsayinsa kuwa har ya mutu bai wuce ƙafa huɗu da 'yan inci ba. Yawancin ƙuruciyarsa a kwance ya yi ta, sa'anninsa na wasa a waje shi yana gado da littafi a hannu. Duk malamin da ya taɓa samun irin wannan yaro a ajinsa ya san yadda su ke kama karatu, don ba su da wata ƙofar fita sai ita.

A shekarar 1926 wani mutumin Luksamba mazaunin Amurka, Hugo Gernsback, ya fara buga wata mujalla mai suna Amazing Stories, ma'anar sunan labarai masu ban al'ajabi. Ita ce mujalla ta farko da ba ta ɗaukar kome sai ƙagaggun labarai waɗanda aka gina a kan ilmin kimiyya: tafiya zuwa wata da taurari, mutanen ƙarfe, injuna masu tunani, da yadda duniya za ta zama bayan shekara dubu. Irin waɗannan mujallu a kan takarda mai araha a ke buga su, wadda aka yi da dusar katako, ba ta daɗewa sai ta yi ja ta ruɓe, bangon kuwa a cika shi da zane mai launi mai ɗaukar ido. Manya suna raina su, samari suna rububinsu. Palmer yana da shekara goma sha shida ya gamu da wannan mujalla, ba su sake rabuwa ba.

Gernsback ya kan buga wasiƙun masu karatu tare da adireshinsu. Da haka samari masu sha'awar abu guda, waɗanda ke warwatse a garuruwa masu nisa, suka san juna, suka shiga rubuta wa juna, suka kafa ƙungiyoyi. A watan Mayu na 1930 Palmer da abokinsa Walter Dennis suka fid da wata 'yar mujalla ta 'yan ƙungiyarsu mai suna The Comet, wadda masu tarihin wannan fanni su ke lissafawa ita ce ta farko irinta. A wannan shekara kuma aka buga labarinsa na farko a mujallar Wonder Stories. Duk wannan aikin dare ne da na ranar hutu, gama da rana yana aikin albashi a wani kamfanin ƙera langalanga.

A 1938 kamfanin Ziff-Davis na birnin Shikago ya sayi Amazing Stories, a lokacin ta kusa mutuwa don rashin masu saye, ya nemi edita, aka nuna masa Palmer. Ga yaron da ya karanta mujalla a gadon jinya, yau ga shi a kujerar mai ita. Nan da nan ya sake mata hali. Ya watsar da labarai masu dogon bayani, ya nemi masu faɗa da gudu da ceton gimbiya, irin waɗanda ɗan shekara goma sha biyar zai karanta bai ajiye ba. Masu son labari mai nauyi suka yi ta gunaguni, suka koma wajen John W. Campbell, editan mujallar Astounding, wanda ya ke binciken lissafin marubuci kamar mai duba jarrabawa. Amma ciniki ya hau, kamfani ya ji daɗi, har aka ƙara masa wata mujalla, Fantastic Adventures, a 1939. Kada kuma a hana shi haƙƙinsa: shi ne ya sayi labarin Isaac Asimov na farko da aka buga, bayan Campbell ya mayar da shi, ya fito a watan Maris na 1939, marubucin yana ɗan shekara goma sha tara.

Da a nan ya tsaya, da tarihinsa bai wuce layi biyu ba. Sai a 1943 wata wasiƙa ta iso ofis daga jihar Fensilbaniya, daga wani mai aikin walda, Richard Shaver, yana cewa ya gano haruffan wani tsohon harshe wanda dukan harsunan duniya suka fito daga cikinsa. Mataimakin edita, Howard Browne, ya karanta ya jefa ta kwandon shara. Palmer ya sa hannu ya ɗauko, ya buga ta a fitowar Janairu 1944, ya rubuta wa mutumin ya ƙaro. Shaver ya aiko da dogon rubutu. A cikinsa ya ce a zamanin dā waɗansu manyan halittu sun zauna a duniya, zafin rana ya cuce su, suka haƙa birane a ƙarƙashin ƙasa, daga baya suka tashi zuwa taurari suka bar injunansu a kogunan dutse. Ragowar zuriyarsu suka lalace suka zama mugaye, su ne ke amfani da injunan nan suna jefa wa mutane muryoyi a ka, suna jawo haɗari da ciwo da gobara. Shaver ya ce shi da kunnensa ya fara jin muryoyin nan ta cikin injin walda da ya ke aiki da shi.

Palmer ya ɗauki rubutun ya ninka tsawonsa sau uku, ya sa masa jarumi da budurwa da yaƙi, ya buga shi a watan Maris na 1945. Har nan babu laifi, sana'arsa ke nan. Abin da ya yi sabo shi ne ya gaya wa masu karatu cewa tushen labarin gaskiya ne.

A nan ne, a ganinmu, duk muhimmancin mutumin nan ya ke. Yaron da a ke yi wa tatsuniya da dare ya san inda ta fara da inda aka ce ƙurunƙus, ba ya tashi da safe ya tafi neman Gizo a bayan gari. Masu sayen Amazing Stories ma shekara goma sha tara suna karanta ta a kan wannan sharaɗi. Palmer ya cire sharaɗin, kuma ya cire shi da dabara, don in aka matsa masa ya kan zame, ya bar wa mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Wasiƙu suka yi ta zubowa. Da yawa daga cikin masu rubuto su cewa su ke su ma suna jin muryoyin, su ma ana bin su, yanzu sun gane ko su wane ne. Aka kafa ƙungiyoyi don binciken kogunan Shaver. Fitowar watan Yuni 1947 kacokan a kan wannan magana aka yi ta. Daga baya Palmer da bakinsa ya bayyana cewa Shaver ya yi shekaru a asibitin masu taɓin hankali. Mutanen da suka rubuto waɗannan wasiƙu, waɗansunsu likita su ke bukata, sai suka sami edita mai gaya musu abin da su ke ji haƙiƙa ne. Tsofaffin abokansa na ƙungiyoyin masu karatu suka juya masa baya a kan haka, a 1948 kuma kamfanin ya taka wa labaran Shaver birki.

Cikin wannan wata na Yuni 1947, mujallar tana kan teburan masu sayarwa, wani abu ya faru a can yammacin ƙasar. Ran 24 ga wata wani ɗan kasuwa daga garin Boise, Kenneth Arnold, mai sayar da kayan kashe gobara, yana tuƙa ɗan jirginsa kusa da Dutsen Rainier a jihar Washinton, yana duba ko zai hangi tarkacen wani jirgin soja da ya ɓace, sai ya ga abubuwa tara masu walƙiya suna tafiya a jere. Ya duba agogo sa'ad da suka wuce tsakanin duwatsu biyu, ya lissafa gudunsu bai gaza mil 1,200 a sa'a ba, alhali a lokacin babu jirgin da ya taɓa wuce gudun sauti, sai a watan Oktoba na shekarar aka yi haka. Da ya kwatanta wa 'yan jarida tafiyarsu, ya ce kamar a wurga ɗan farantin kofin shayi bisa ruwa yana tsalle. Tafiyar ya kwatanta, 'yan jarida suka maishe ta siffa, sunan ya bi duniya. Kafin mako biyu ɗaruruwan mutane sun ce su ma sun gani.

Palmer bai yi sanya ba. Ya rubuta wa Arnold, ya aika masa da dala 200 ya tafi garin Tacoma ya binciki wani labari. Waɗansu mutum biyu, Harold Dahl da Fred Crisman, sun ce fayafayai sun zubo da narkakken ƙarfe a kan wani kwale-kwale kusa da tsibirin Maury. Shi Crisman ɗin nan ba baƙo ba ne ga Palmer, don tun 1946 ya rubuto wa mujallar cewa ya yi faɗa da mugayen halittun Shaver a wani kogo a ƙasar Bama lokacin yaƙi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya ja da baya. Arnold ya je, abin ya rikice masa, ya kira hafsoshi biyu na sojan sama, Kyaftin Davidson da Laftana Brown. Suka zo suka ji, suka karɓi guntayen da aka ba su, suka hau jirginsu za su koma Kalifoniya. Da asubar 1 ga Agusta, 1947, injin jirgin ya kama wuta, ya faɗi kusa da garin Kelso, su biyun suka mutu. Binciken hukuma ya nuna labarin tsibirin ƙarya ne, guntayen kuwa kashin maƙera ne kurum. Ba Palmer ne ya sa wa injin wuta ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba. Amma mutum biyu sun bar gidajensu sun tafi bin maganar banza ba su dawo ba, shi kuwa ya ci gaba da sayar da labarin kamar akwai wani asiri da a ke ɓoyewa.

A 1948 shi da Curtis Fuller suka kafa mujallar Fate, wadda ba ta da'awar ƙage ko kaɗan, sai abubuwan mamaki da a ke cewa sun faru. Fitowar farko da labarin Arnold ta buɗe, ga zanen fayafayai a bango. Shekara ta kewayo ya bar Ziff-Davis, ya kafa tasa mujallar, Other Worlds. A 1950 ya yi mummunar faɗuwa a gida, ta ƙara nakasa shi, a shekarar kuma ya ƙaura da iyalinsa zuwa wata gona kusa da ƙauyen Amherst a Wiskonsin, daga can ya riƙa buga mujallunsa da littattafai. Shaver ma ya zauna kusa da shi shekaru da dama, don abotarsu ta gaske ce. A 1952 shi da Arnold suka fid da littafi a kan zuwan fayafayan, a 1957 kuma ya mai da Other Worlds mujallar fayafayai zalla.

Shekarar nan ta 1957 ita ce Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko. Abin da yaron Milwaukee ya yi mafarkinsa a gado ya fara zama aikin injiniyoyi, amma shi hankalinsa ya riga ya koma ƙarƙashin ƙasa. A watan Disamba na 1959 ya buga cewa cikin duniya rami ne, akwai manyan ƙofofi a ƙuryarta ta arewa da ta kudu, ta nan fayafayan ke fitowa. Ga shi kuwa tun watan Agusta 1958 jirgin ƙarƙashin teku na Amurka, Nautilus, ya ratsa ƙarƙashin ƙanƙarar ƙuryar arewa bai faɗa ramin kome ba. A 1970 ya kawo abin da ya ce shaida ce, hoton da wani tauraron duba yanayi ya ɗauka a watan Nuwamba 1968, ga baƙin da'ira daidai ƙuryar arewa. Malamin labarin ƙasa zai iya warware wannan a allo cikin minti biyar. Hoton haɗe-haɗe ne na hotuna da yawa da aka ɗauka cikin yini guda, kowane yanki a lokacin da rana ke kansa, ƙuryar arewa kuwa a watan Nuwamba rana ba ta fito mata sam, saboda karkatar duniya. Inda babu haske sai ya fito baƙi. A tsakanin nan sojan saman Amurka sun rufe ofishin binciken fayafayai a 1969, bayan sun duba rahotanni 12,618, guda 701 ne kawai suka rage ba a gane ko mene ne ba, ba su kuwa sami shaidar jirgin baƙi ko ɗaya ba.

Ko ya gaskata abin da ya ke bugawa? Mu dai abin da mu ke gani, mutum ne wanda ya fi son tambaya a buɗe bisa ga amsa, don amsa tana kashe hira, hira da masu karatu kuwa ita ce abincinsa tun yana saurayi. Ya iya jan gardama, ya iya amsa wasiƙa yadda mai ita zai ji kamar shi kaɗai a ke yi wa magana. Har waɗanda suka yi faɗa da shi ba su manta da shi ba. A 1961 Julius Schwartz, wanda suka yi zamanin ƙungiyoyin samari tare, ya fito da wani jarumi a littattafan zane na kamfanin DC, masanin kimiyya mai iya ƙanƙance jikinsa har ya ɓace wa ido, ya raɗa masa suna Ray Palmer.

Shaver ya rasu a 1975. A watan Yuni na 1977 mujallar Fate ta kira babban taro a Shikago don cikar shekara talatin da abin da Arnold ya gani, Arnold ya zo, Palmer ya zo, kowannensu ya yi jawabi. Bayan wata biyu, ran 15 ga Agusta, Palmer ya rasu yana da shekara 67.