Henrietta Lacks: Ta Rasu A 1951, Ƙwayoyin Jikinta Na Raye Har Yau

An haifi Henrietta Lacks ranar 1 ga Agusta, 1920, a garin Roanoke da ke jihar Virginia ta Amurka. Tana shekara huɗu mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwa, sai ta koma hannun kakanta a ƙauyen Clover, inda ta tashi cikin noman taba. A 1941 ta auri David Lacks, suka ƙaura zuwa kusa da birnin Baltimore. 'Ya'yansu biyar.

A watan Janairun 1951 ta je asibitin Johns Hopkins, ɗaya daga cikin ƙalilan da ke karɓar baƙaƙen fata a zamanin wariya, aka gano tana da sankarar bakin mahaifa. Ana cikin yi mata magani likitoci suka yanki ɗan nama daga ƙarin, ba da saninta ba, suka miƙa wa mai bincike George Gey. Dokar wancan lokaci ba ta wajabta neman izini ba.

Ƙwayoyin jikin sauran majinyata kan mutu cikin 'yan kwanaki a ɗakin gwaji, nata kuwa suka riƙa ninkuwa kusan kowace rana. Aka raɗa musu suna HeLa, daga haruffan farko na sunayenta. Ta rasu ranar 4 ga Oktoba, 1951, tana shekara 31, aka binne ta a kabarin da ba shi da ko alama.

Da waɗannan ƙwayoyi aka gwada rigakafin shan-inna, aka kuma yi binciken sankara da ƙanjamau. Kamfanoni suka yi ta cinikinsu, alhali iyalinta ba su ji labari ba sai a shekarun 1970.

A 2013 wasu masana a Jamus suka wallafa cikakken bayanin DNA na HeLa ba tare da tuntuɓar iyalin ba. Iyalin suka ƙi amincewa, domin abin da ke cikin jinin uwa yana iya tona cututtukan gado na 'ya'ya da jikoki. A watan Agustan shekarar, hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta kafa kwamitin tantance masu neman bayanan, da wakilai biyu daga zuriyarta. A 2023 kuma kamfanin Thermo Fisher ya sasanta ƙarar da magadanta suka shigar.

A yau da mutane ke aika yawunsu ga kamfanonin gwajin DNA, tarihinta na tunatar da cewa mai ba da izini ɗaya ne, amma sirrin da ke ciki na dangi ne.