King Tubby: Mai Gyaran Rediyon Da Ya Sauya Kiɗan Duniya

Da yawa daga cikinmu, in aka ambaci kiɗan rege, sunan da kan fara faɗo mana a rai shi ne Bob Marley, in an matsa a ce Peter Tosh ko Jimmy Cliff. To amma akwai wani mutum a tsibirin nan na Jamaika wanda ba mawaƙi ba ne, ba a kuma san shi da kaɗa jita ko ganga ba, amma duk wanda ya taɓa jin waƙar da aka warware aka sake ɗinkawa, wadda samari ke kira rimis, to ya ɗanɗani gadon da ya bari. Sana'arsa ta asali ita ce gyaran rediyo da talabijin.

Sunansa na ainihi Osbourne Ruddock, amma duniya ta fi saninsa da King Tubby. An haife shi ran 28 ga Janairu, 1941, a Kingston, babban birnin ƙasar. Yana matashi suka koma Waterhouse, wata unguwar talakawa a yammacin birnin, inda ya koyi aikin lantarki har ya buɗe ɗan shagonsa.

A wancan zamani talakan Kingston ba shi da halin sayen garmaho, balle shiga manyan otal-otal inda makaɗa ke wasa. Saboda haka sai wasu suka mayar da sa faifai sana'a: su loda manya-manyan lasifikoki a mota, su kafa a fili, a karɓi kuɗin ƙofa, a kwana ana rawa. Gasa ce mai zafi, domin wanda sautinsa ya fi ƙarfi da daɗi, kuma yake da faifan da babu a hannun kowa, shi jama'a ke bi. Kayan nan kuwa ba sa rabuwa da lalacewa, kuma wurin Tubby ake kawo su. Shi ke naɗa taransifoma da hannunsa, shi ke ƙera amfilifaya tun daga tushe. Da tafiya ta yi tafiya ya haɗa nasa kayan sautin, ya sa musu suna Hometown Hi-Fi, ya kuma ɗauki wani saurayi mai zaƙin baki, U-Roy, wanda ke riƙe makirfo yana zuba zance a kan kiɗa.

A 1968 ya kama aikin yanka faifai a wurin Duke Reid, wani tsohon ɗan sanda mai situdiyon Treasure Isle. Aikinsa shi ne ya fitar da faifai na musamman, ƙwaya ɗaya tak, wanda mai kayan sauti zai je ya yi wa abokan hamayya burga da shi. Irin wannan faifai shi ake ce wa dub. A daidai lokacin ne kuma aka fara al'adar cire muryar mawaƙi a bar kiɗa zalla, a sa shi a bayan faifai. Masu rawa suka so abin, masu fitar da faifai ma suka so shi, tun da ya rage musu kuɗin ɗaukar wata sabuwar waƙa.

Tubby dai bai tsaya a cire murya ba, kuma nan ne basirarsa ta bayyana. Tef ɗin situdiyo ba kamar kaset ɗin gida ba ne. Yana da layuka daban-daban, ana iya ajiye ganga da bes a gefe, sauran kayan kiɗa a gefe, murya ita ma a nata layin. Teburin haɗa sauti kuwa shi ke ba injiniya damar ɗaga kowane layi ko sauke shi. Kafin Tubby, injiniya kan daidaita su ne kawai ya koma gefe. Shi kuwa sai ya ɗauki teburin nan tamkar abin kaɗawa.

A 1972, da taimakon Bunny Lee, ya sayi wani tsohon teburi mai layi 4 wanda situdiyon Dynamic Sounds ya daina amfani da shi, ya kafa a wani ɗan ɗaki a titin Dromilly. Ɗakin bai isa ya ɗauki ƙungiyar makaɗa ba, don haka a wasu wurare ake ɗaukar kiɗan, a kawo masa tef. Da ya kunna sai ya kashe komai ya bar ganga da bes kawai, kamar an yaye wa gida rufi an bar ginshiƙai. Can sai ya sako muryar mawaƙi, kalma biyu ko uku, ya datse ta, ya bar amsa-kuwwarta tana ta maimaituwa har ta ɓace. Yakan bugi akwatin waya mai lanƙwasa da ke ba sauti zurfi, sai a ji kamar tsawa ta faɗo. Akwai kuma wani babban maɓalli a teburin da ke tace kaurin sauti, in ya murɗa shi sai kiɗan ya sirance, sa'an nan ya dawo da nauyinsa gaba ɗaya. Duk da hannu yake yi, tef na tafiya, babu kwamfuta.

Kafin a jima sunansa ya fara sayar da faifai kamar na mawaƙi, abin da ba a saba gani ga injiniya ba. Ya yi aiki da Lee Perry da Yabby You da Augustus Pablo, kuma faifan da suka fitar da Pablo a 1976, King Tubby Meets Rockers Uptown, shi aka fi ambata in ana zancen wannan fanni. Waɗanda suka zauna da shi sun san shi da tsafta da tsari da son kiɗan jaz, ga shi kuma ya yi zamansa a Waterhouse a shekarun da rikicin siyasa ya addabi unguwar.

Bai ɓoye iliminsa ba. Ya horar da Philip Smart da Scientist da Prince Jammy, ya sakar musu teburin, shi kuwa ya koma ga naɗin taransifomarsa. A 1985 Jammy ya fitar da waƙar Wayne Smith mai suna Under Mi Sleng Teng, wadda aka ciro kiɗanta daga wani ƙaramin fiyano na lantarki samfurin Casio, abin da ya buɗe zamanin kiɗan na'ura a Jamaika. Almajiri ya sha gaban malami ke nan. Tubby bai yi fushi ya zauna ba. A shekarar ya mayar da martani da Tempo ta Anthony Red Rose daga sabon situdiyonsa.

Sai dai bai daɗe ba. Ran 6 ga Fabrairu, 1989, yana dawowa daga aiki, aka harbe shi a ƙofar gidansa da ke Duhaney Park, yana da shekara 48. Ba a kama wanda ya kashe shi ba.

Aikinsa kuwa ya riga ya tsallake teku. 'Yan Jamaika mazauna Ingila sun tafi da dub, daga nan ya shiga jikin kiɗan jangul da dubstep, ya kuma isa ga masu kiɗan tekno na Jamus. Abin da ya tabbatar shi ne cewa waƙar da aka ɗauka ba ta ƙare ba, kayan gini ce da wani zai iya rushewa ya sake ginawa.

'Yan'uwa da malamanmu, mun saba auna mutum da takardarsa da ofishinsa. Ga wanda ya fara da sukundireba da dalma a ɗan shago, ya ƙare da koya wa manyan situdiyoyin duniya aiki. Raina kama, ka ga gayya.