Tala'at Harb: Lauyan da ya kafa banki domin Masar ta saƙa audugarta

A farkon ƙarni na 20 da wuya a sami ƙasar da ta kai Masar suna a kan auduga mai dogon sili, amma sau da yawa rigar da ke wuyan manomin da ya shuka ta a bakin Kogin Nilu, a Ingila aka saƙa yadinta. Tun lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, da audugar Amurka ta yanke wa masaƙun Turai, Masar ta duƙufa a kan noman wannan amfanin gona guda, har ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na abin da take sayarwa waje auduga ce da angurya. Ana ɗaure ta dila-dila a Iskandariyya, a loda wa jiragen ruwa, ta dawo a matsayin yadi da ninkin kuɗi. Wannan lamari shi ne ya hana Muhammad Tala'at Harb sakat tsawon rayuwarsa.

An haife shi a Alƙahira cikin watan Nuwamba na 1867, ya kammala makarantar koyon shari'a a 1889. Ya fara aiki a matsayin tafinta a hukumar da ke kula da gonakin Khedive Isma'il waɗanda aka jinginar saboda bashin Turawa, daga baya ya riƙe ragamar kamfanonin filaye, ciki har da na Kom Ombo, mallakar manyan attajirai irin su iyalan Suwares da Ƙattawi. A nan ya ƙware a kan littattafan lissafi, ya ga yadda bashi ke raba manomi da gonarsa, musamman bayan rikicin kuɗi na 1907, lokacin da bankunan baƙi suka rufe hannu.

Mutum ne mai riƙo da al'ada. A 1899 ya rubuta littafi yana mayar wa Ƙasim Amin martani a kan batun hijabi, kuma har yau masu sukarsa ba su manta masa da wannan ba. A 1910 ya fito ya yaƙi shirin ƙara wa kamfanin Mashigin Suwez wa'adin shekara 40, shirin da majalisar ƙasar ta yi watsi da shi. Shekara guda bayan haka ya wallafa littafin da ya bayyana manufarsa: maganin ciwon tattalin arzikin Masar shi ne banki na 'yan ƙasa.

Mai karatu na iya tambayar me ya haɗa banki da masaƙa. Harb ya lura cewa bankunan da ke Masar na baƙi ne, kuma ba su da sha'awar komai sai bayar da rancen cinikin auduga da jinginar gona. Babu mai ba ɗan ƙasa kuɗin sayen injin kaɗi. Ga kuma hukumar mulkin mallaka: a 1901, zamanin Lord Cromer, an ɗora harajin kashi 8 cikin 100 a kan yadin da aka saƙa a masana'antun cikin gida, daidai da kuɗin fiton da ake karɓa a kan na waje, don kada masaƙun Lankashaya su yi asara. Masaƙar zamani da aka kafa a Alƙahira ba ta yi ƙarko ba, ta Iskandariyya kuwa da ƙyar ta sha.

Juyin juya halin 1919 ya buɗe masa ƙofa. A watan Mayu na 1920 aka buɗe Bankin Misr da jarin fam 80,000 na Masar, kuɗin da bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na bankunan Turawa. Sharuɗɗansa ne suka bambanta shi: ɗan Masar kaɗai ke iya sayen hannun jari, kuma da Larabci ake gudanar da aiki, a zamanin da ake ganin Faransanci ne kawai yaren kuɗi. Musulmi da Kirista da Bayahude duk sun shiga, Yusuf Ƙattawi ma yana cikin waɗanda suka kafa shi. Ajiye kuɗi a wannan banki ya zama wata alama ta kishin ƙasa.

Daga ribar bankin da ajiyar jama'a ya riƙa haifar da kamfanoni: na ɗab'i a 1922, na gurzar auduga a 1924, na sufuri da na fina-finai a 1925, na jiragen sama a 1932, sannan na jiragen ruwa waɗanda suka yi jigilar alhazai zuwa Jidda. Amma babban aikinsa shi ne Kamfanin Kaɗi da Saƙa na Misr, wanda aka kafa a 1927 a Mahalla al-Kubra, tsohon garin masaƙan hannu a tsakiyar yankin da Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Gonakin auduga sun kewaye garin, ga hannun aiki mai araha daga ƙauyuka.

Sa'a ta zo masa ta fuska biyu. An soke harajin Cromer a 1925, sannan a 1930 Masar ta sami ikon tsara kuɗin fitonta da kanta, ta ɗaga shi a kan yadin waje. Sai dai akwai wata ƙaya da ba a cika ambata ba. Dokar 1916 ta hana shigo da ɗanyar auduga daga waje don gudun ƙwari, saboda haka dole masaƙar Mahalla ta riƙa saƙa akokon talaka da auduga mai tsada wadda ta dace da tufafin alfarma, alhali masaƙun Japan na amfani da ta Indiya mai araha suna cika kasuwannin Alƙahira. Sai da gwamnati ta ƙara wa yadin Japan haraji mai nauyi a 1935 kafin Mahalla ta numfasa. Wato masana'antar ta tsaya ne da ƙafar kariyar gwamnati, kuma mai sayen yadi ne ya biya kuɗin wannan kariya.

Da Ingilishi suka ga katangar haraji ta yi tsawo, sai suka nemi shigowa ta cikin gida. A 1938 Harb ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin rini na Bradford, aka kafa masaƙa da marina a Kafr al-Dawwar. Wasu 'yan kishin ƙasa sun ɗauki wannan a matsayin ja da baya, shi kuwa ya gwammace ya raba kasuwa da abokin hamayya da a ce an kayar da shi. A shekarar ce kuma ma'aikatan Mahalla, waɗanda ke tsayuwa awa 12 a gaban injin a kan lada kaɗan, suka shiga yajin aiki suna neman a rage musu lokaci, aka kama da dama daga cikinsu. Kishin ƙasar da ya tara jarin bai kai ga aljihun leburan ba.

Faɗuwarsa ta zo ne da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Biyu a 1939. Jama'a suka firgita, suka yi dafifi a ƙofar banki kowa na neman kuɗinsa. Kuɗin kuwa suna cikin injuna da gine-gine da basussukan manyan masu gonaki, abubuwan da ba a mayar da su tsaba cikin mako guda. Bankin Ƙasa na Masar, wanda ke hannun Turawan Ingila, ya ƙi ba da rance. Gwamnatin Ali Mahir ta yarda ta kawo ɗauki bisa sharaɗin Harb ya sauka, ya kuwa yi murabus, aka naɗa Hafiz Afifi a gurbinsa. Magoya bayansa sun ce makirci ne na Ingilishi da fada, kuma ba za a ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Amma gina masana'antar shekaru da kuɗin da mai shi ke iya nema gobe da safe rauni ne da shi kansa ya gina a cikin tsarin.

Ya rasu a watan Agusta na 1941. Yaƙin da ya raba shi da kujerarsa shi ne ya toshe hanyar yadin waje, masaƙun suka yi cinikin da ba su taɓa yi ba, bankin ya farfaɗo. Gwamnatin Jamal Abdul Nasir ta mayar da bankin mallakar ƙasa a 1960, an kuma sa wa wani babban dandali a tsakiyar Alƙahira sunansa, aka kafa mutum-mutuminsa. Masaƙar Mahalla ta ci gaba da ɗaukar dubban ma'aikata, kuma daga cikinta ne yajin aikin Disamba 2006 da tarzomar 6 ga Afrilu 2008 suka taso, 'yan shekaru kafin guguwar da ta kawar da Husni Mubarak a 2011.