Theodore von Karman: Masanin da ya gano dalilin da iska ke girgiza gine-gine

An haifi Theodore von Karman a birnin Budapest na ƙasar Hangari ranar 11 ga Mayu, 1881. Bayan ya kammala karatun injiniya a gida, ya tafi Jami'ar Gottingen da ke Jamus a 1906, inda ya yi digirin digirgir a ƙarƙashin Farfesa Ludwig Prandtl, wanda ya bayyana yadda ruwa ko iska ke rabuwa da jikin abin da suke gogawa.

A can ne wani ɗalibin Prandtl mai suna Karl Hiemenz ya kafa bututu a tsakiyar kwatamin ruwa mai gudu, domin ya auna inda ruwan ke rabuwa da bututun. Ruwan kuwa ya ƙi natsuwa, sai kaɗawa yake yi. An goge bututun, an gyara kwatamin, amma a banza.

Karman ya ɗauki kaɗawar a matsayin ɗabi'ar ruwan kansa. A 1911 ya nuna da lissafi cewa 'yan guguwar da ke ɓallewa daga bayan bututu, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, suna jeruwa sahu biyu, kuma jerin ba ya ɗorewa sai in sun saɓa wa juna, faɗin tsakanin sahun ya kai kusan kashi 28 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin guguwa da mai bi mata. Har yau ana kiran wannan jeri da sunansa.

Kowace guguwa da ta ɓalle tana tunkuɗa bututun gefe guda. Idan saurin tunkuɗar ya dace da saurin rawar da abin ke yi da kansa, girgizar takan ƙaru har ƙarfe ya gaji ya tsage. Wannan ne ke sa wayoyin lantarki kuka cikin iska, shi ya sa kuma ake naɗa wa dogayen bututun hayaƙi ƙarfe mai murɗe.

Karman ya koma Amurka a 1930, ya shugabanci ɗakin binciken jiragen sama na Caltech. Lokacin da gadar Tacoma ta rushe ranar 7 ga Nuwamba, 1940, wata huɗu bayan buɗe ta, yana cikin kwamitin da ya binciki lamarin. Ya ɗora alhakin a kan guguwar. Masana daga baya sun fi jingina shi ga murɗewar gadar, wadda ta riƙa jawo ƙarfin iska tana ƙara wa kanta girgiza. Tun daga lokacin ake gwada samfurin manyan gadoji a ramin iska kafin gini.

A watan Fabrairu 1963 Shugaba John Kennedy ya ba shi lambar yabo ta kimiyya ta ƙasa, shi ne na farko da ya karɓe ta. Ya rasu a Aachen ta Jamus a watan Mayun shekarar.