Elmer McCollum: Ɗan Manomin Da Ya Gano Bitamin A

An haifi marigayi Elmer McCollum ran 3 ga Maris, 1879, a wata gona da ke Jihar Kansas ta ƙasar Amurka. Iyayensa manoma ne. Da kuɗin ƙwadago ya yi karatu, har ya taɓa yin aikin kunna fitilun titi da daddare, kafin ya sami digirin dakta a Jami'ar Yale cikin 1906.

A 1907 ya kama aiki a Jami'ar Wisconsin, inda ake binciken abin da ya sa shanun da aka ciyar da alkama zalla suke haifar 'yan maruƙa raunana ko matattu. Ganin saniya tana daɗewa kafin a ga sakamako, sai ya koma kiwon ɓeraye, waɗanda suke girma su hayayyafa cikin 'yan watanni.

A 1913, shi da abokiyar aikinsa Marguerite Davis suka tabbatar cewa ɓeran da ya daina girma yakan farfaɗo in an ba shi man shanu ko kitsen gwaiduwar ƙwai, amma man zaitun ba ya yi masa komai. Ke nan akwai wani sinadari ɓoye cikin man shanun. Shi ne aka sa wa suna bitamin A. Rashinsa ke kawo dundumi da bushewar ido, har makanta, yana kuma raunana jikin yaro gaban ƙyanda da gudawa.

McCollum ya koma Jami'ar Johns Hopkins a 1917, ya rasu ran 15 ga Nuwamba, 1967, bai ga cikar amfanin aikinsa ba. Sai a 1986 wani likitan ido na jami'ar nan, Alfred Sommer, ya nuna a ƙauyukan Indunusiya cewa ba yara bitamin A ya rage mace-macensu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Wannan ne asalin ɗan ƙwanson da ma'aikatan lafiya suke ɗiga wa yara a baki a Rigachikun da sauran garuruwanmu, sau biyu a shekara, daga wata 6 zuwa wata 59 da haihuwa. Manja, hanta, zogale da mangwaro su ma suna samar da shi.