Jojiyos Papanikolau: Likitan da Ya Karanci Ƙwayoyin Halitta

An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta masu ƙanƙanta ƙwarai, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kullum wasu daga cikinsu suna tsufa su zube, sababbi su maye gurbinsu. Wani likita ɗan ƙasar Girka ya shafe fiye da shekara 40 yana duban irin waɗannan ƙwayoyi da suka zube. A ƙarshe ya tabbatar wa duniya cewa suna iya nuna alamar ciwon daji tun kafin mai cutar ta ji wani ciwo a jikinta. Sunan wannan likita Jojiyos Papanikolau.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Papanikolau ranar 13 ga Mayu, 1883, a garin Kimi da ke tsibirin Ebiya a ƙasar Girka. Mahaifinsa likita ne, kuma ya so ɗansa ya gaje shi. Yaron ya shiga Jami'ar Atina, ya sami digirin likita a 1904. Amma zuciyarsa ta fi karkata ga bincike a kan duba marasa lafiya. Saboda haka ya tafi Jamus, inda ya yi nazarin wasu ƙananan halittun ruwa, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Munik a 1910. A wannan shekara ce ya auri Andromaki Mabrogeni, wadda daga baya aka fi sani da suna Meri. Da yaƙin Balkan ya ɓarke a 1912, ya yi aikin likita a rundunar sojan ƙasarsa.

A watan Oktoba na 1913 shi da matarsa suka sauka a birnin New York na Amurka. Kuɗin hannunsu kaɗan ne, Turancinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Mutumin da ke da manyan digirori biyu ya koma sayar da darduma a wani babban kanti. Ya kuma riƙa kaɗa goge irin na Turawa a gidajen abinci, ya yi aiki a wata jaridar Girkawa. Matarsa tana ɗinka maɓallan riguna. A 1914 ya sami aiki a sashen nazarin sassan jiki na makarantar likitanci ta Jami'ar Cornell, inda ya zauna har shekara 47.

Daga ɓeran Masar zuwa ɗan Adam

Bincikensa na farko a Cornell a kan ɓeran Masar ya yi shi. Yana bukatar sanin lokacin da macen wannan dabba take sakin ƙwai, ba tare da an kashe ta an buɗe cikinta ba. Sai ya riƙa ɗebo ɗan ruwa daga hanyar mahaifarta kowace rana, ya shafa a kan ɗan gilashi, ya duba da madubin likita. Ya ga siffar ƙwayoyin tana canzawa bisa tsari, tana komawa yadda take bayan kimanin kwana 16. Shi da shugaban sashensa, Charles Stockard, suka buga wannan sakamako a 1917.

Daga nan ya juya ga 'yan Adam. Mace ta farko da ta yarda aka yi wannan gwaji a kanta ita ce matarsa. Ta yi shekara 21 tana ba da samfuri, tana kuma taya shi aiki a ɗakin bincike ba tare da albashi ba. Daga baya ya sami samfurori daga mata masu zuwa wani asibitin mata a New York. A cikin waɗannan ne ya ga wasu ƙwayoyi masu ban mamaki. Cibiyarsu ta yi girma fiye da kima, ta yi duhu, gefenta kuma ba daidai yake ba. Ashe samfurin daga jikin mai ciwon dajin mahaifa ya fito.

Maƙalar da aka yi watsi da ita

A watan Janairu na 1928 Papanikolau ya gabatar da abin da ya gano a wani taro a garin Battle Creek da ke jihar Michigan. Likitoci ba su nuna sha'awa ba. A ganinsu, hanya ɗaya ce ta tabbatar da ciwon daji, wato a yanko ɗan nama daga wurin da ake zargi a duba. Ba su yarda cewa 'yan ƙwayoyin da suka zube za su iya ba da shaida ba. Ban da haka, maƙalar gajeriya ce, kuma a cikin kundin taron ta fito, ba a wata babbar mujallar likitoci ba. A daidai wannan lokaci wani likita a ƙasar Romaniya, Aurel Babesh, ya buga irin wannan bincike. Shi ma aikinsa bai bazu sosai ba.

A nan ya kamata mu fahimci wata al'ada ta masana kimiyya. Idan masani ya rubuta maƙala, yakan jera sunayen ayyukan da ya dogara da su a ƙarshenta. Wannan shi ake kira ambato. Yawan ambaton da maƙala ta samu yana nuna yawan masanan da suka karanta ta suka yi gini a kanta. Maƙalar 1928 ta yi fiye da shekara 10 kusan ba mai waiwayarta, alhali abin da ke cikinta gaskiya ne. A tsawon waɗannan shekaru, ciwon dajin mahaifa yana cikin cututtukan daji da suka fi kashe mata a Amurka. Papanikolau ya yi baƙin ciki, ya mai da hankali ga wasu fannonin bincike.

Dawowa da hujja

A 1939 sabon shugaban sashensa, Joseph Hinsey, ya ƙarfafa masa guiwa ya koma kan aikin. Wannan karo ya haɗa kai da wani likitan mata mai suna Herbert Traut. Suka riƙa karɓar samfuri daga matan da aka kwantar a sashen mata na Asibitin New York, suna kwatanta abin da madubi ya nuna da abin da aka tabbatar daga baya. A 1941 suka buga sakamakonsu a babbar mujallar likitocin mata ta Amurka.

A 1942 ya bayyana sabuwar hanyar rina ƙwayoyin a mujallar Science. Rinin yakan sa cibiyar ƙwaya ta fito fili da launi mai duhu, sauran jikinta kuma ya ɗauki launin kore, ko ruwan hoda, ko ruwan lemo. Da haka mai dubawa zai iya rarrabe lafiyayyar ƙwaya da mai cuta. A 1943 shi da Traut suka fitar da littafi da ya ƙunshi binciken mata fiye da 3,000, tare da zane-zane masu launi na wani mai zane ɗan Japan, Hashime Murayama.

Waɗannan rubuce-rubuce uku ne suka juya al'amarin. Yanzu akwai shaida mai yawa, akwai hanya a rubuce da kowane ɗakin bincike zai iya bi, akwai kuma hotunan da za a koya da su. Likitoci a wurare daban-daban suka jarraba, suka buga nasu sakamakon, suna ambaton aikinsa. A 1947 wani likita ɗan Kanada, Ernest Ayre, ya ƙirƙiro ɗan katakon da ake kankaro ƙwayoyin da shi daga bakin mahaifa. A 1950 aka ba Papanikolau lambar yabo ta Lasker, a 1954 kuma ya fitar da babban kundin hotunan ƙwayoyin halitta. Mutane suka gajarta sunansa, suka sa wa gwajin suna gwajin Pap.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A ƙarshen 1961 ya koma birnin Miami don ya shugabanci wata cibiyar binciken ciwon daji. Watanni kaɗan bayan haka, ranar 19 ga Fabrairu, 1962, ya rasu sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 78. Ya bar maƙalu fiye da 100. Bai sami kyautar Nobel ba, amma ƙasarsa ta sa hotonsa a kan takardar kuɗinta ta dirakma 10,000.

A 1964, shekara 2 bayan rasuwarsa, aka fara buga babban kundin ƙididdigar ambato na kimiyya a Amurka. A yau jami'o'i suna duba irin wannan ƙididdiga wajen auna aikin masani. Tarihin Papanikolau yana nuna cewa wannan ma'auni yana bukatar lokaci, domin da an auna shi a 1935, da an ce aikinsa a kan ciwon daji bai yi tasiri ba. Amma a ƙasashen da suka mai da gwajin Pap abin yi a kai a kai, mace-macen ciwon dajin bakin mahaifa sun ragu da fiye da rabi.

A Nijeriya wannan cuta ita ce ta biyu a cikin cututtukan daji da suka fi kama mata. Daga baya masana sun gano cewa ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke jawo ta, kuma a watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafinta. Ga matan da suka manyanta kuwa, gwaji a kan lokaci shi ne kariya, kamar yadda Hausawa ke cewa rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne sana'o'i Papanikolau ya yi da ya isa Amurka?
2. Me ya sa likitoci ba su karɓi maƙalar 1928 ba?
3. Mene ne ambato a wurin masana kimiyya?
4. Bayyana gudummawar da matarsa ta bayar ga bincikensa.